Reshe na Biyar

Bungudu,
8 ga Yuni

Zuwa ga Gwaggo Nafisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya ɗalibai, ya ruwa? Mu nan lafiya lau. Inna ta miƙe daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, Baba kuma yana kasuwa wurin hatsinsa.

Gwaggo, ni ce Sumayya, 'yar farin taubashinki na Bungudu. Ni ce wadda kika riƙe wa hannu a bikin Tudun Wada, kika yi ta juya shi kamar mai duba atamfa, kika ce, "Wa ya zana wannan lallen?" Ni kuwa na zare hannuna na shige bayan Inna. Ina ji kina tambayar mata ko bebiya ce ni. Ba bebiya ba ce. Haka Allah ya yi ni, magana takan taso har maƙogwaro, sai ta samu wuri ta zauna. Amma in a takarda ne, sai in wuni ina zuba.

To ga amsar tambayarki, ko da ta makara: ni na zana.

Ba wanda ya koya mini. Akwai bishiyar zogale a bayan ɗakin girkinmu, kuma ni ake sawa tsinkar ganye duk ranar da za a yi kwaɗo. Wata rana ina tsinka, hankalina yana can wani wuri, sai na lura cewa ƙaramin reshe kamarsa ɗaya da babban da ya fito daga jikinsa, shi ma kuma yana da nasa ƙananan masu kama da shi. Kamar uwa da 'ya da jika sun sa anko. Sai na ɗauki ledar baƙin lalle na ja layi ɗaya daga wuyan hannu, na fitar masa da 'ya'ya, su ma na fitar musu da nasu. Shi ke nan abin da kika gani.

Ba ni da waya, Baba ya ce sai na gama sakandare. Kawu Yahaya, ƙanin Inna da ke jigilar fasinja tsakanin nan da Gusau, ya ce ya san gidanki a Damba, shi zai kawo miki wannan. Ni dama na fi son wasiƙa. A littattafan soyayyar da nake karantawa, duk maganar da ta isa magana a takarda ake yinta.

An ce ke Farfesar lissafi ce. Don Allah me ya haɗa Farfesar lissafi da lallen biki? Tun ranar nake ta saƙa da warwara.

Taki,
Sumayya


Damba, Gusau
14 ga Yuni

'Yata Sumayya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da ke yi mini tsiya duk lokacin da hadari ya haɗo. Ki yi wa Innarki barka da samun sauƙi. Babanki Ashiru kuwa ki ce masa har yanzu ina jiran geron da ya yi mini alkawari tun muna yara, marowaci.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, na sake karanta ta a zaune. Ke yarinya, kin san abin da kika yi? Abin da na ƙetare teku na yi shekaru ina karatunsa, ke kin tsinto shi a bayan ɗakin girki!

Sunansa firaktal. Siffa ce da in kika yanki guntunta kika duba, za ki ga kamanninta gaba ɗaya a ciki. Ƙa'ida ɗaya ce ƙarama ake ta maimaitawa. Taki ita ce: kowane reshe ya haifi ƙananan da suka yi kama da shi. Ki duba walƙiya in ta tsaga sama. Ki duba hanyoyin da ruwa ke yanka a ƙasa in zai gangara kogi. Duwatsu da gajimaren da kike gani a fina-finan katun, ba mai zama ya zana su ɗaya bayan ɗaya, irin wannan ƙa'ida ake ba kwamfuta ta yi ta maimaitawa.

Aikina shi ne auna su. Miƙaƙƙen zare tsawo kawai gare shi, mu ce ɗaya. Tabarma tana da tsawo da faɗi, biyu ke nan. To bakin kogi, mai lanƙwasa a cikin lanƙwasa, ya wuce ɗaya amma bai kai biyu ba, yana nan tsakani. Yanzu nemansu nake a cikin abubuwanmu: kitso, ɗinkin hula, sassaƙar ƙwarya, bidiyon bukukuwa. Shi ya sa nake zuwa biki ina leƙen hannuwan mutane har ana cewa Farfesa ta fara taɓuwa.

Ga maganar. A hutun Agusta zan tara 'yan matan sakandare na Gusau da Tsafe da Bungudu a wani zauren makaranta a Tudun Wada, in nuna musu cewa lissafin da suke gudu yana kansu da hannuwansu. Ina son hannunki ya zo. Ki ci gaba da zanen, ki ga iya zurfin da za ki kai: 'ya, jika, tattaɓa-kunne, har inda hali ya yi. Ki rubuto mini abin da ya faru.

Faruk ma zai zo. Mun daɗe muna shirya wani abu ni da shi, kuma lokaci ya yi da za mu fito da shi fili, ranar taron za mu sanar. Kafin nan zan kai shi Tsafe wurin Hajiya Kulu, mahaifiyata, a ƙarshen wata. Ki bar wannan a cikinki tukuna, akwai waɗanda ya kamata in yi wa magana da bakina.

Gwaggonki,
Nafisa


Bungudu,
20 ga Yuni

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya gwiwa? Inna ta ce ki dinga shafa man shanu da ɗumi. Kowa lafiya. Na isar wa Baba saƙon gero ta bakin Inna, ya ce wai ke ce kika cinye rabonki tun a zangarniya.

Gwaggo, kin rikita ni! Yanzu ba abin da nake kallo ya zauna lafiya. Jijiyoyin bayan hannun Inna, firaktal. Tsagewar bangon makarantarmu, firaktal. Shekaranjiya ana walƙiya kowa ya gudu ɗaki, ni ina tsaye a tsakar gida baki buɗe har Inna ta jefo mini murfin tukunya. Maganar abin da ya wuce ɗaya bai kai biyu ba kuwa ta tsaya mini a rai. Kamar zuciyar budurwar da ba ta ce e ba, ba ta kuma ce a'a ba. Kada ki yi mini dariya.

Gusau! Ni Sumayya a zauren taro! In na tuna, rabi daɗi rabi tsoro. Ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son zuwan nan ba. Amma hannu kawai kika ce ko? Ba sai na yi magana ba?

Ga abin da ya faru da zanen. Uwa ta fita, 'ya ta fita, jika ya fita tsaf. Na huɗu sai da na ajiye leda na koma tsinken tsintsiya, shi ma ya fita. Na biyar ne ya ƙi. Da na ɗiga sai lallen ya bazu, rassan su haɗe su zama baƙin tabo. Na gwada a hannuna, na gwada a ƙafar Rukayya, 'yar baffana da muke aji ɗaya, duk kanwar ja ce. Gwaggo, kuskuren a ina yake? Ko nawa ba firaktal ɗin gaske ba ne?

Sai maganar da kika rufe wasiƙarki da ita. Wayyo Gwaggo! Na karanta wurin har takardar ta yi laushi. "Ni da shi." "Lokaci ya yi." "Zan kai shi wurin Hajiya." Ai ni na gane, ba yarinya ba ce ni, na karanta irin wannan ba adadi. Tun rasuwar mijinki kike zaune ke kaɗai da littattafai, sai ga wani ya shigo a hankali, mai natsuwa, ƙila da ɗan farin gashi a gefen kunne. Na lumshe ido na gan ku a ƙarƙashin lema ɗaya ana yayyafi, yana riƙe miki jaka. Allah ya sanya alheri! Ni zan yi miki lalle, kada ki ba kowa.

Sirrinki yana nan daram. Rukayya kaɗai na gaya wa, don abin ya yi wa ƙirjina yawa, kuma ta rantse.

Taki har kullum,
Sumayya


Bungudu,
16 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, ta jiki.

Wannan ce wasiƙa ta uku da na fara, biyun na yaga. Kullum in na ji ƙarar mota a ƙofar gida sai in leƙa, Kawu Yahaya kuma sai ya girgiza mini kai tun daga nesa.

Na san abin da ya faru, ko in ce na san rabinsa. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata aka aiko wa Baba daga Tsafe cewa ya zo, za a karɓi baƙin neman aurenki. Ya rufe rumfarsa ana tsakiyar ciniki, ya sa babbar rigarsa ta Sallah, har turare ya fesa. Ni ina ɗaki ina murna kamar in tashi sama. Da la'asar sai ga shi ya dawo da rigar a kafaɗa. Bai zauna ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Inna, "Kira mini yarinyar nan."

Kin san ni 'yar fari ce, bai taɓa kama sunana ba, ko kallona sosai ba ya yi. Ranar ya kalle ni. Ya ce, "Ke da ba ki iya amsa sallama a ji ki, ke ce kika tara dattawan gari ukku bisa tabarma?" Ya sa Inna ta kwaso littattafaina duka daga ƙarƙashin katifa, ya zuba su a buhun hatsi ya ɗaure. Sannan ya ce, "Gusau kuma babu."

Littattafan ban damu ba sosai, na haddace yawancinsu. Gusau ɗin ce.

Rukayya ta ce ita mutum biyu kawai ta gaya wa. Ba ma magana yanzu.

Gwaggo, shirunki ya fi faɗan Baba ciwo. A littafi in mutum ya yi shiru irin wannan, to ya yanke alaƙa ke nan. In haka ne, na fahimta. Ki samu wata mai hannu, akwai masu lalle da yawa a Gusau, waɗanda na biyar ɗinsu ma ƙila yana fita. Ina dai so ki sani ban daina zanawa ba. Yanzu a ƙasa nake yi da tsinke, a bayan ɗakin girki.

Ki yafe mini.

Sumayya


Damba, Gusau
24 ga Yuli

Sumayya sarkin labari,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, ki gode wa Innarki.

Fara da share hawaye. Ban yanke komai ba. Wasiƙarki ta lema da yayyafi ta yi kwanaki a aljihun motar Yahaya, motar kuma tana gareji. Sai bayan na dawo daga Tsafe ta iso, da ta riga ni da an tsira. Daga nan jarrabawar ɗalibai ta rufe ni. Amma ba zan ɓoye miki ba, har da fushi. Na bari ya huce ne don kada in rubuta abin da za ki haddace.

Bari in ba ki rabin da ba ki sani ba. Faruk ɗalibina ne na da, na kusa haifarsa. Yanzu harkar fim yake yi, yana da mata da 'ya'ya, farin gashi kuwa ko ɗaya babu, kan ma a aske yake. Abin da muke shiryawa gajerun bidiyo ne na waya, cikin Hausa, a kan firaktal a rayuwarmu. Tsafe kuma mun je ne ya ɗauki hoton tsofaffin ƙoran Hajiya masu sassaƙa. Wanda nake son yi wa magana da bakina Babanki ne, don ina so bidiyon farko ya buɗe da hannunki.

A hanya Faruk ya tambaye ni me Hajiya take so, don ba ya shiga gidan tsohuwa hannu rabbana. Na ce goro. Ya ce gidan akwai yara? Na ce cike. Ya tsaya ya sayi goro mai yawa, ya haɗa da alawa.

Muna shan kwana na ga an share ƙofar gida an yayyafa ruwa. Zaure cike da manyan riguna, Baba Lawwali ƙanin mahaifina a gaba, Ashiru a gefensa yana ƙamshi kamar shagon turare. Na ce a raina, wa ya rasu ba a gaya mini ba? Faruk ya fito, jakar kyamara a kafaɗa, goro da alawa a hannu. Sai guɗa ta tashi daga cikin gida.

Baba Lawwali ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Samari, mun ga goro, mun ga alawa. To ina magabatanka? Mu nan ba a zo muna neman aure mutum guda kamar mai sayen akuya."

Faruk ya waiga bayansa ya ga da wa ake. Babu kowa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ƙorai na zo ɗauka."

Hajiya daga bayan labule ta ce, "Kayan ɗaki tun yanzu? Wanga yaro da gaggawa yake!"

Ni kuwa na jingina da bango ina dariya har gwiwata ta ƙi ɗaukata. Sai da Faruk ya fito da hoton matarsa da 'ya'yansa a waya aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu kafin dattawa su yarda. An dai raba goron, an ci wainar, an ɗauki hoton ƙoran.

Amma da zan tafi na shiga ɗakin Hajiya na same ta tana ninke sabon zanen da ta ɗaura, tana share ido. Wannan bai ba ni dariya ba, Sumayya. Mutanen da ke cikin littafi ba su da uwa mai jira. Na waje suna da ita.

Na bi maganar reshe-reshe. Hajiya ta ji daga matar Baba Lawwali, ita daga mai kitsonta, ita daga wata fasinja, har na iso Rukayya, har na iso saiwa. A Gusau an ce matuƙin jirgin sama ne. A Tsafe Balarabe ne. Kowa mutum biyu kawai ya gaya wa. Ban taɓa samun misali mai kyau irin wannan ba, kuma zan yi amfani da shi.

Jiya na je rumfar Babanki na zauna a kan buhun dawarsa na ce ba zan tashi ba. Na ce, "Kai da ka sha turare za ka bayar da ni ba ka tambaye ni ba, kai ne mai hukunta wani?" Ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska. A ƙarshe ya ce zai kawo ki da kansa, amma da sharaɗi, kuma na yarda da shi: ba hannu kaɗai ba. Za ki tsaya gaban mutane ki yi bayanin zanenki da bakinki. Ya ce bakin da ya kai magana Tsafe ba zai kasa kai ta ƙarshen zaure ba. In kin kasa, ku koma gida, babu bidiyo, kuma ba zan sake roƙonsa ba.

Tambayarki ta reshe na biyar na gan ta. Ba zan amsa ba. Kin ce yanzu a ƙasa kike zanawa. To a ƙasan, a na nawa yake tsayawa?

Ki shirya da Rukayya. Ke kika fara ba ta.

Gwaggonki,
Nafisa


Bungudu,
30 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum, muna lafiya, ina fatan kina lafiya. Na yi kuka na yi dariya na sake kuka, na Hajiya ne ya fi yawa. Don Allah ki ce mata ina neman gafara kafin in zo da kaina.

Na gwada yin bayanin a gaban awakinmu, ya tafi daidai. Na gwada a gaban Inna da Rukayya, na kai "Assalamu alaikum" na tsaya. Rukayya ta ce in ɗauka duk mutanen zauren awaki ne. Ban san yadda za a yi ba. Amma zan zo, ko da a sume za a dawo da ni.

A ƙasa ya kai na bakwai, da na share fili babba. Ina ta tunani.

Sumayya


Bungudu,
19 ga Agusta

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya tun kafin magariba, hanya lafiya lau, Alhamdu lillahi. Ya gajiyar taro? Da za mu rabu kin ce, "To, me za ki ce?" ni kuwa na murɗa bakin mayafi kawai. Ga shi nan yanzu.

Ke daga waje kika gani. Bari in gaya miki yadda yake daga ciki.

Da muka shiga zauren sai na ga hijabai fari da shuɗi har bango. Sai ga wani mai aski tal da kyamara ya tare ni yana murmushi, ya ce, "Ke ce marubuciyar aurena? Ai da kin ba ni jirgin saman kafin ki raba mu." Na so ƙasa ta buɗe. Baba ya samu kujera can baya kusa da ƙofa, shi kaɗai namiji mai hula a layin, ya harɗe hannu.

Da kika zana ɗigo a allo kika ce, "Wata yarinya ta ji sirri, ta gaya wa mutum ɗaya tak, ita kuma ta gaya wa biyu," kika yi ta fitar da rassa har allon ya cika, zauren ya kece da dariya. Wata a bayana ta ce, "Wallahi ajinmu ne wannan!" Ba ki kalle ni ba ko sau ɗaya. Na gode.

Sai kika kira sunana.

Ban san yadda na isa gaba ba. Aka ba ni abin magana, na ji numfashina yana fita ta lasifika kamar na saniya. Malam Faruk ya saita kyamara, sai ga bayan hannuna a jikin bango, ya fi ƙofa girma, kowa na gani. Na buɗe baki. Babu. Na tuna awaki, bai yi aiki ba. Na hango Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, ya ɗora hannu a gwiwa irin na mai shirin tashi. Na ce shi ke nan, Sumayya, koma bayan ɗakin girki.

Sai wata doguwa 'yar Tsafe a layin gaba ta nuna bango ta ce da ƙarfi, "Malama, ai ya caɓe daga ƙarshe! Ji bakin yatsun, duk ya dame."

Gwaggo, ban san ina da zuciya ba sai ranar. A zagi zanena? Na ji wata murya tana cewa, "Bai caɓe ba!" Ashe tawa ce.

Na ce mata lallen ne ya gaji, ƙa'idar ba ta gaji ba. Na ce a hannu yana tsayawa a na huɗu don fata ƙarama ce kuma lalle yana bazuwa. A tsakar gida na kai na bakwai. Da za a ba ni filin idi zan wuce haka, da za a ba ni tsinken da ya fi gashi siriri zan wuce haka a kan farce ɗaya. Na ce wannan baƙin tabon da take gani, rassa ne a ciki cunkus, sun fi ƙarfin ido ne kawai. Zanen ba ya ƙarewa. Hannuna ne yake ƙarewa.

Ta ce, "To har ina zai kai?"

Na ce, "Har inda kika gaji. Shi yana nan yana tafiya."

Daga nan kuma sai na kasa tsayawa. Na zaro ganyen zogalen da na ɓoye a jaka, na yi maganar uwa da 'ya da jika, har na ce wa wata ta juyo a ga kitsonta. Ke da kanki kika zo kika karɓe abin maganar kina cewa a bar wa gobe saura. Kin ga yadda suka yi layi kowa na miƙo hannu? Doguwar nan ce ta farko. Sunanta A'isha, ta ce za ta rubuto mini.

Yanzu ga abin da ba ki gani ba.

A tasha muka shiga motar Kawu Yahaya, ni a tsakiya kusa da wata Hajiya mai kwandon tumatir, Baba a gaba. Tun daga zauren bai ce mini uffan ba. Na ce a raina ko na yi surutu da yawa ne, ko maganar filin idi ce ba ta dace ba. Mun bar gari, gonaki sun fara, gero ya yi tsayi kore shar, sai Hajiyar ta kamo hannuna ba ko sallama, kamar yadda kika yi a bikin nan. Ta ce, "Kai, wagga ɗiya, wa ya yi miki wanga lalle? A Gusau anka yi shi?"

Na buɗe baki zan amsa, wallahi da zan amsa. Aka riga ni.

Baba bai juyo ba, yana kallon titi. Ya ce, "Ita ta zana abinta. Kuma ba ado ba ne kawai, Hajiya, lissafi ne. Ba ya ƙarewa."

Ta ce, "Ikon Allah! Ɗiyar wa ce?"

Kawu Yahaya ya rage rediyo. Baba ya gyara hularsa, ya yi tari.

Ya ce, "Ɗiyata ce. Sumayya."

Gwaggo, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ashe haka yake faɗinsa, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Na juya fuska wajen taga har Bungudu don kada tumatirin Hajiya ya jiƙe.

Ya ce a gaya wa Malam Faruk ya zo ɗaukar bidiyon ranar da ba kasuwa, kuma don Allah kada ya riƙo goro. Buhun littattafaina yana nan a ɗaure, ban tambaya ba tukuna. Ranar Juma'a Inna za ta raka ni Tsafe. Hajiya Kulu ta aiko cewa tunda na hana ta lallen biki, sai in zo in yi mata na zogale, hannu da ƙafa, kuma ita har na biyar take so.

Taki,
Sumayya